Ina son fara sana'ar tsaftace mota ciki da waje, da me zan soma?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na tara ɗan jari, kuma raina ya kwanta da sana'ar tsaftace mota. Ba wankin a watsa ruwa a goge a tafi nake nufi ba. Ina nufin a bi mota lungu-lungu: kujeru, kafet, ramukan da iskar AC ke fitowa, bakin ƙofofi, sannan a goge fenti har ƙyallinsa ya dawo. Wanki dai na iya daidai gwargwado, amma ban taɓa riƙe injin folish ba.

Kuɗin ba zai sayi komai lokaci guda ba. In na ɗauki injin folish da kayansa, abin da zai rage kaɗan ne. In na bar shi kuma, ina gudun a ɗauke ni mai wankin mota kawai, alhali na ji an ce ribar tana wajen gyaran fenti. Wuri ma ban samu ba tukuna, shi ya sa nake tunanin bin mutane gida da ofis. Waɗanda suka riga mu, a taimaka da shawara.

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka. Ka ajiye maganar injin folish tukuna, ka saurari dalilina.

Fentin motocin yanzu hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa, akwai mai launi, sai wani siriri marar launi a sama, shi ne ke ba da ƙyalli. Kaurinsa yawanci maikiron 40 zuwa 50 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ko kaurin takardar rubutu bai kai ba. Duk folish ɗin da aka yi, ɗan wani abu ake kankarewa daga wannan hawan, kuma ba ya dawowa. A gefen bonet da kan ƙugun ƙofa ya fi sirancewa. Hannun da bai saba ba ya tsaya wuri ɗaya da inji, fenti ya yi zafi ya huje, to ba abin da zai gyara shi sai sabon feshi, kuma daga aljihunka.

Waɗannan siraran zane da kake gani suna zagaye a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta, yawancinsu wajen wanki aka yi su. Saboda haka mai wankin da ba ya karce fenti ya riga ya fita daban. Bokiti biyu za ka yi amfani da su, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, a ƙasan kowanne a sa ragar da ke tare yashi. Tayoyi da wili a fara da su, da bokitinsu da buroshinsu daban, don ƙurar birki akwai ƙarfe a cikinta. Jikin mota daga sama zuwa ƙasa. Tawul na maikirofaiba, wato mai siraran zare mai laushi, kuma wanda ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar. Kada ka wanke a rana ko jikin yana da zafi, ruwa zai bushe ya bar tabo. Sabulun wanke-wanke kuma ba na mota ba ne, yana cinye man kariyar da aka shafa.

Jarinka ka zuba shi a cikin mota: injin zuƙe ƙura mai shan ruwa, burosai masu laushi manya da ƙanana, tawul masu yawa, da sinadarin wanke kujera. Mai mota a ciki yake zama, can idonsa yake. Ka tura kujera gaba ka share layin ƙarfen da take gudu a kai. Ka jawo bel har ƙarshe ka wanke, ka bar shi ya bushe kafin ya koma. Ka sauke gilashi kaɗan ka goge bakinsa na sama, inda baƙin layin datti ke maƙalewa. Wallahi na ga mutum ya shiga motarsa, abin da ya fara leƙawa ramin ajiye kofi ne, ya sa yatsa ya shafa ya duba.

Abu biyu ka kiyaye. Man ƙyalli kada ya taɓa sitiyari, birki da totur, santsi ne da shi, rai ake magana. Sannan ruwan goge gilashi mai amoniya yana lalata ledar duhu da ake mannawa a gilashi.

Mai Feshi:

Yallaɓai Tsohon Hannu ya faɗi gaskiya kan fenti, aikina ke nan, kuma motocin da aka ƙona da inji wurinmu suke ƙarewa. Amma ni ban ga dalilin da zai daɗe bai koya ba. Injin iri biyu ne. Akwai mai juyawa kawai, shi ne mai saurin ƙona fenti. Akwai mai juyawa yana kuma karkarwa, wannan ya fi sauƙin kai ga ɗan koyo. Da zarar ciniki ya fara shigowa, shi za ka saya.

Ka nemi tsohon bonet wurin masu kwance motoci, baƙi in da hali, ka koya a kansa. Ka raba shi da tef, ka gwada soso mai laushi da folish marar kaifi kafin ka je ga mai kaifi. Har ka ƙona gefe ɗaya da gangan, don hannunka ya san inda iyakar take. Kafin folish, sa hannu cikin siririyar leda ka shafa fentin bayan wanki. In ka ji kaushi, sai an bi shi da laka ta musamman da ruwan santsi tukuna. Akwai kuma 'yar na'urar auna kaurin fenti. Fentin kamfani yakan faɗa tsakanin maikiron 100 da 180. Ka ga ƙofa ɗaya ta ninka sauran, to an taɓa sake feshinta, ka bi ta a hankali.

Rufin seramik, wato ruwan kariya da ake shafa wa fenti ya bushe ya yi tauri, kada ka tallata shi yanzu. Duk karcen da ka bari, ƙarƙashinsa zai zauna.

Uwar Yara:

Ɗana, ni ba 'yar sana'a ba ce, mai kai mota ce. Wani wuri da na daina zuwa, sun wanke min kujeru suka rufe gilasai da danshi a ciki. Warin da ya biyo baya ya fi dattin da na kai. In ka jiƙa kujera, ka tabbata ta bushe kafin ka miƙa makulli, ko ka gaya wa mai ita ya bar gilasai a ɗan buɗe.

Kuma kafin ka taɓa mota, ku zagaya ta tare da mai ita, ka ɗauki hoton duk wani karce da lotsawa. Abin da ka tsinta a ciki, ko 'yan canji ne ko ɗan kunne, ka zuba a leda ɗaya ka ajiye kan kujera. Wanda yake min aiki yanzu haka yake yi, kuma ƙawayena da dama ni na tura masa su. Kada ka yanke farashi a waya ba ka ga mota ba. Motar da ake kai yara makaranta da ita aikinta daban ne da na motar mutum ɗaya.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haƙura da injin zuwa gaba. Saura biyu: bin gidaje ya fi ko kama wuri? Kuma in aka ce in wanke injin mota, in karɓa?

Tsohon Hannu:

Bin gidaje ya fi maka yanzu, ba haya a kanka. Sai dai ka tambayi abu uku tun a waya: akwai inuwa, akwai ruwa, akwai wutar da injinka zai sha? Ka kuma bincika dokar inda kake, don wurare da dama sun hana sakin ruwan sabulu da mai a magudanar titi, kuma rajistar sana'a da inshora suna da muhimmanci ga mai taɓa dukiyar mutane. Motocin farko ka duba agogo, ka rubuta awa nawa kowace ta ci da sinadarin da ta sha, daga nan farashinka zai fito. Ka leƙa wurin dillalan motoci ma. Kuɗinsu bai kai na masu zaman kansu ba, amma aikinsu ba ya yankewa, kuma hannu yana faɗawa da sauri.

Injin mota kuwa, ka karɓa in ya huce sarai. Ka rufe altaneta, bakin shan iska da akwatin fiyus da leda, ka yi aiki da buroshi da tsumma mai danshi. Injin feshin ruwa mai ƙarfi kada ya kusanci wayoyi. In ka ɗaga bonet ka ga waya tsirara ko an naɗe ta da tef, ka kira mai motar ya gani da idonsa, ka ce masa wannan sai ya fara biyawa ta wurin mai gyaran wayoyin mota.