Yaya za mu mayar da horon ma'aikata bakin inji?

Jami'in Horo: Assalamu alaikum. Ni ke kula da horar da ma'aikata a wata masana'antar leda da ke Sharaɗa a Kano. Bara mun kai mutum 12 bita ta kwana 3 a otal, aka nuna musu hotuna a majigi, aka raba takardun shaida, amma ba a yi mako biyu da dawowarsu ba injin yanka ya cije, kuma babu wanda ya gano matsalar sai wani dattijo da bai je bitar ba. Ina so in mayar da horon bakin inji, sai dai ina tsoron tsayar da aiki. Wace hanya kuka gwada?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Amurka sun rasa ƙwararru saboda an tafi da su fagen fama, sai aka ɓullo da tsarin koyarwa a wurin aiki mai matakai 4, wanda daga baya kamfanin Toyota ya rungume shi. Za ka fara shirya mai koyo, ka yi aikin a gabansa kana faɗin dalilin kowane motsi, sannan ka bar shi ya yi da hannunsa yana yi maka bayani, daga ƙarshe ka riƙa leƙa shi har hannunsa ya faɗa. Ba sai an kashe inji ba, minti 20 lokacin canjin aiki ya wadatar. Dattijon nan shi ne malaminku, ku ware masa alawus.

Malamar Kwaleji: Ina goyon baya, amma tsayuwa kusa da inji kaɗai ba ta koyar da kowa. Mun taɓa tura ɗalibi horon sanin makamar aiki a wani kamfani, ya shafe wata 4 ana aikensa sayen abinci, aka sa masa hannu a littafi ya dawo. A Jamus mai koyon sana'a yakan yi kwana 3 ko 4 a kamfani, sauran a makaranta, kuma akwai rubutaccen jerin abin da dole ya iya kafin jarrabawa. Ku rubuta naku jerin tukuna.

Mai Gyaran Lantarki: Yallaɓai, ka lura da abin da tsofaffin hannu za su gadar. Na ga wanda ke cire murfin kariya don aiki ya yi sauri, yaransa kuma duk suka ɗauka haka ake yi. Darasin kashe wuta da kulle makunni kafin a sa hannu cikin inji, a zaunar da kowa a koyar da shi, har da dattijon.