Wace kalma za mu ba "supervisor" na digiri na uku a fannin jinya?

1/ 'Yan uwa masu neman digiri na uku a fannin jinya, ku zo mu tsayar da kalma ɗaya. Kullum "sufabaiza" ke bakinmu, alhali wanda bai shiga harkar ba bai san aikin mutumin nan ba, wato malamin da ke kula da binciken ɗalibi har ya kammala kundinsa.

2/ A kundayen da ake rubutawa da Hausa an saba cewa "mai duba aiki". To amma a asibiti kalmar tana rikitarwa, don babbar nas da ke zagaya ɗakunan majinyata da dare ita ma duba aiki take yi. "Malamin duba" kuwa kowa ya san ma'anarsa daban ce. "Mai sa ido" ya fi kama da gadi.

3/ Ga inda gizo ke saƙar. A Kanada, inda Jami'ar Alberta ta buɗe digiri na uku na jinya a 1991, makarantu da dama suna so ka samo malamin da ya yarda ya ɗauke ka tun kafin ka miƙa takardar neman gurbi. Haka ake yawan yi a Ingila da Ostareliya. Ke nan kana nemansa tun ba ka rubuta ko layi ɗaya ba. Me zai duba?

4/ Nemansa ma aiki ne ja. Sai ka karanta maƙalun da ya wallafa a 'yan shekarun nan. Idan zuciyarki na kan yoyon fitsari ko sikila, kada ki ɓata lokaci wajen farfesar da bincikenta ya tsaya kan tsofaffi masu cutar mantuwa. Ki aika gajeren imel da tarihin karatunki da shafi ɗaya ko biyu na abin da kike son bincika, ki tambaya kai tsaye: akwai gurbi bana? Akwai kuɗin bincike? In da hali, ki ji ta bakin ɗalibanta, don shekara uku zuwa biyar za ku yi tare.

5/ Jamusawa suna cewa Doktorvater ko Doktormutter, wato uba ko uwar digirin. Larabawa suna cewa mushrif, 'yan uwanmu na Nijar kuma sun saba da directeur de thèse. "Uban kundi" yana da daɗi a baki, sai dai yawancin malaman jinya mata ne, kuma ba na son ɗalibi ya ɗauki kansa yaron gida. Abokin bincike ne da ake horarwa.

6/ Ni na tsaya a kan "jagoran bincike". Mace "jagorar bincike", jam'i "jagororin bincike". Jagora tun kafin a kama hanya ake samunsa, shi ya san inda ramuka suke. Idan su biyu ne, sai a ce jagora na ɗaya da na biyu. "Mai duba aiki" mu bar wa malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ranar kare kundi.

7/ Ku gwada a baki: "Ban cike fom ba tukuna, ina neman jagorar bincike a fannin lafiyar masu juna biyu." Wanda ke da wadda ta fi wannan zama, don Allah ya kawo.