Idan na'urar wayfay ta rikita ramukan USB

Wani ɗalibi ɗan'uwanmu a Madina ya kawo kuka bayan sallar Isha'i: da ya cusa ƙaramar na'urar wayfay a kwamfutarsa, sai linzamin kwamfutar (maus) ya riƙa tsayawa, filas ta adana bayanai kuma ta ɓace daga kwamfutar. Yawancinmu wuta muka zarga. Ramin USB 2.0 miliyamfa 500 kawai yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, ita kuwa na'urar tana da cin wuta, balle an tara ta da wasu a mahaɗa ɗaya, wato na'urar da ke raba rami ɗaya zuwa ramuka da yawa. Aka ce ya ba ta raminta ita kaɗai, ko ya sayi mahaɗa mai haɗi da soket.

Bayanin da ya fi kwanta mini na wani malam mai gyara ne: USB 3.0 yana dagula zangon rediyo na 2.4 GHz, inda wayfay da linzami mara waya suke aiki. 'Yar wayar ƙari za ta nisanta su, ko a mayar da wayfay zangon 5 GHz.

Wasu sun ambaci sabunta direba, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, da hana Windows kashe ramin don tanadin wuta. Wanda ya ce a goge Windows gaba ɗaya, ban goyi bayansa ba, matsalar ba ta kai nan ba.