Neman shawara: harjal yana ruɓe mini a Gadarif ta Sudan

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son shuka harjal a tsakar gida, wannan ganye mai ɗaci da ake dafawa a sha don ciwon ciki. Yana tsirowa lafiya, amma da damina ta kankama sai ganyen ya yi rawaya, gindin ya yi baƙi, ya kwanta. Ƙasarmu baƙar laka ce. Ina gyaran yake?

Amsa daga Sinnar:
Wa alaikumus salam, Malam. Laifin ƙasar ne da ruwa. Harjal ɗan hamada ne, shi ya sa aka fi noma shi a arewacin Sudan, tsakanin Barbar da Abu Hamad, inda da ƙyar ake ganin ruwan sama. Ku kuwa a Gadarif kuna samun kusan milimita 600 a shekara, ga laka mai riƙe ruwa. Saiwar tana kwana cikin jiƙa, sai ta ruɓe.

Ka raba shi da ƙasar gidan gaba ɗaya. Samu rabin duro, ka huda gindinsa wuri biyar ko shida, ka shimfiɗa tsakuwa, ka cika da yashin rafi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, da ɗan takin awaki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona shi zai yi. Ka ɗora duron kan bulo don ruwa ya riƙa zurarewa. In hadari ya haɗu, a rufe shi ko a ja shi ƙarƙashin rumfa, amma sauran lokaci rana yake so, tun safe har yamma.

Amsa daga Kasala:
Ƙari kan bayanin Yaya. Dangin tumfafiya ne, irinsa ma da gashi-gashi yake fitowa. Ka bari kwanson ya bushe a jikin uwar, ka tsinke kafin ya fashe, in ba haka ba iska ta kwashe. Cire gashin, ka binne ƙwaya uku a rami, zurfin santimita ɗaya kacal. Sai da zafi yake tsira, kada ka shuka da sanyi. Sun yi ganye huɗu, bar mai ƙarfin. Ban ruwa kuwa, tura yatsa cikin yashin. In da sauran danshi, ka ƙyale shi.

Amsa daga Mai Wurno:
Kada a yi gaggawar yanka. Ba shukar shekara ɗaya ba ce, tana toho bayan kowane yanka. Ka jira ya fara fidda fararen furanninsa masu ƙamshi, sannan ka yanke rassan ka bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. A inuwa ake shanya shi, rana tana kashe launin ganyen. Kuma Malam, a gaya wa mutanen gida, mai juna biyu ta nisanci shan sa.