Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama: wai takobin nan sulhu ne ko makami?

Ɗan Ƙofar Guga:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ku raba min gardama, don jiya saura ƙiris zumunci ya tsinke a gidanmu kan maganar nan. Kawuna ya zo daga ƙauye, can yammacin Batsari, ba sai na faɗi sunan garin ba. Ana karo-karo kowane gida dubu goma, to rigimar ita ce me za a yi da kuɗin. Dattawa sun ce a kai wa mutanen daji su bari a yi girbi, samari sun ce ina, a sayo albarushi da bindigogin toka a ƙara wa 'yan sa kai. Na ce masa Kawu yanzu waɗanda suka kashe maka ɗa bara su za ka ɗauki kuɗi ka kai wa? Ya daɗe yana kallona sannan ya ce ɗana, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. To abin da ya ɗaure min kai, ƙanena da ke cikin 'yan sa kan, da na ce masa ka ajiye bindigar nan kana da mata da yara, wallahi ita wannan maganar ya faɗa min a waya sati biyu da suka wuce. Ɗaya zai biya ɗaya zai yi harbi amma karin maganarsu guda. Wa ya yi daidai?

Bakatsine Na Asali:
Kawu ne ya yi daidai mana, mi ya kawo gardama a nan. Ai ba cewa aka yi ya ɗauki takobi ya yi faɗa da ruwa ba. Kaifin aka miƙo mashi, ya san zai yanke shi amma ya kama don kada ya nutse. Sulhu da ɓarawo shi ne kama kaifi, ka san jini zai zuba amma dai ka fito da ranka. Ƙanenka ya ari maganar ne kawai don ya ji an ambaci takobi.

Maman Ilham:
To amma Yaya shi ma ƙanen nasa ai kaifin ya kama. Kana ganin bai san harba-ka-ruga ba ta ja da AK ba ne? Ya sani sarai. Mu da muke da 'yan uwa a Ɗanmusa mun ga yadda ake dawo da su a bayan a-kori-kura an lulluɓe da tabarma. Ba jarumta ke kai su ba, rashin wata mafita ce.

Sarkin Zolaya:
Ni dai a unguwarmu an sabunta ta tun 2023. Wanda ruwa ya ci ko taliya aka miƙa masa zai kama 😂 kuma mun kama, har da sabulu da atamfa, ga shi har yau muna cikin ruwan

Bakatsine Na Asali:
Kai dai Allah ya shirye ka. Ana maganar rai kana maganar taliya.

Sarkin Zolaya:
Yallaɓai ai taliyar ce ta kawo mu maganar ran

Malam Na Gobarau:
Limaminmu ya taɓo wannan a huɗubar Juma'ar da ta gabata, shi ya sa na tsaya. Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Wanda aka shigo wa gida ya kare kansa da iyalinsa da dukiyarsa, wannan babu saɓani, hadisi ya tabbata cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Amma a tare mutum ranar kasuwa don an ga shi da sanda da rawanin Fulani a yanka shi ba bincike ba shaida, wannan kisan kai ne ko da wanda ya yi shi an kashe masa uwa da uba. Kisasi haƙƙi ne amma hukuma ke tsayar da shi ba kowa da wuƙarsa ba, kuma ko a nan an ba waliyyan mamaci zaɓi, ko kisa ko diyya raƙuma 100 ko su yafe. Ku tambayi duk wanda ya san yadda abin nan ya faro a Zamfara kafin ya tsallako mana ta dajin Rugu, satar shanu ce da irin wannan yankan na kasuwa, kowa na cewa ramuwa yake. Karin magana ba fatawa ba ce jama'a, Bahaushe ya faɗi halin wanda ya matsu ne bai ce ya halatta masa komai ba.

Maman Ilham:
Allah ya gafarta Malam wace hukumar? Wadda aka kwashe yara sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020 tana ina? Wadda a 2021 ta ce mana kowa ya nemi makami ya kare kansa? Aka datse mana layin waya wata da watanni, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe kasuwannin dabbobi, mu ne muka sha wuya su suna can daji abinsu. Ni ban ce a yanka kowa ba amma kar a ce min hukuma.

Sarkin Zolaya:
Wanda ya ce ka nemi makami shi yana yawo da motar sojoji gaba da baya. Ya miƙo maka takobin yana tsaye a tudu ko bakin wandonsa bai jiƙe ba

Lauyan Unguwa:
Kuma abin da ba a gaya wa mutane, furucin gwamna a rediyo ba lasisi ba ne. Dokar makamai ta tarayya ce, in aka kama ƙanenka da bindiga ba takarda babu alƙalin da zai saurari wai an ce. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda da kare kai, dokar Final Kod ta hukunta laifuka a Arewa ma haka, amma da sharaɗi, ƙarfin da ka yi amfani da shi kar ya wuce barazanar da ke gabanka. Ku tuna manomin nan na Adamawa da makiyayi ya kai wa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace wuƙar ya kashe shi da ita. An yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris 2025, hujjar ita ce tunda ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. To ka ga shi kam takobin gaske ya kama kuma ga inda ta kai shi.

Bakatsine Na Asali:
Gudu? Da rauni a jikinshi? Su waɗanda suka zamna cikin iyakwandishan suka rubuta haka an taɓa bin su da wuƙa?

Lauyan Unguwa:
Ni dai abin da aka yanke na faɗa maka, ba ni na yanke ba.

'Yar Daurama:
Ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo, tun ɗazu nake karantawa ina tuna kakata Allah ya jiƙanta. Mu Inna muke ce mata. Duk wanda ya san ta ya san hannunta na dama, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa, ga wani tabo fari ya ratsa tafin tun daga gindin ɗan ali har babban yatsa. Da hagu take tuƙa tuwo, da hagu take kaɗi, goro ma sai dai ta ɗora a gwiwa ta ɓara. Muna yara in muka tambaya sai ta ce wuƙar kabewa ce. Sai da na yi aure na haihu sannan gwoggona ta ba ni labarin.

Shekarun farin nan ne na zamanin Gawon, a wani ƙauye arewa da Daura wajen bakin iyaka. Ɗan geron da aka samu an ɗaure shi dammuna an tara a gona ba a kai ga kwasowa ba sai shanu suka faɗa ciki. Autanta, yaro ɗan shekara goma sha biyar haka, shi ke gadi, ya je korar su, faɗa ya haɗa shi da yaron da ke kiwon wanda shi ma bai wuce sa'ansa ba. Sanda ɗaya ya sauke masa a ka. Da ƙafarsa ya dawo gida har ya sha ruwa ya ce kansa ke ciwo, kwana biyu ya cika. An kama yaron an sa shi a zauren mai gari ana jiran 'yan doka su zo daga Daura, mutane sun cika ƙofar gida kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Babban ɗanta, wato yayan babana, ana dawowa daga maƙabarta bai ko zauna karɓar gaisuwa ba ya shiga ɗakin mahaifinsu ya zaro takobin da ke soke a jinka. Maza duk suka dare, wasu ma so suke ya yi. Ita da ke zaman makoki a cikin gida aka gaya mata, ta fito ba ko mayafi ta riga shi bakin zauren ta tsaya. Ya ce Inna matsa. Ta ƙi. Ya ɗaga zai zagaye ta sai ta sa hannu ta damƙe kaifin. Gwoggo ta ce shi bai ma lura ba ya fizga, sai da ya ga jini na bin gwiwar hannunta yana ɗiga a zaninta sannan ya saki ya durƙushe a wajen. Ita kuwa ba ta saki ba, sai da wanzami ya zo aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Yaron an tafi da shi an ɗaure shi. Daga baya ardo ya zo da dattawansu da shanu, maza suka karɓa. Amma ita tun daga ranar har ta koma ga Allah nono bai sake shiga bakinta ba, furarta da ruwa da tsamiya ake dama mata. Shi kuma Baba babba ya fi shekara biyar gaisuwa kawai ke haɗa su, yana ganin ta fifita bare a kan jinin ɗanta.

Maman Ilham:
Innalillahi. Wallahi har na yi hawaye. Allah ya kai haske kabarinta, wannan ita ce mai imani.

'Yar Daurama:
Amin Anti. Amma kar ki ɗauka tausayin yaron ne, don gwoggo ta ce ko sunansa ba ta yarda a ambata a gabanta. Abin da ta faɗa da matan gari suka dame ta shi ne, na binne ɗaya da safe, so kuke in kai ɗaya igiyar gwamnati? Kuma in wani ya kawo karin maganar nan a gabanta sai ta taɓe baki ta ce ku dai ku riƙa duban wanda ke riƙe da mariƙin.

Malam Na Gobarau:
Allahu akbar. Wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne, ita kuwa biyu ta raya.

Bakatsine Na Asali:
Allah ya jiƙan Inna amma wancan zamani daban. Lokacin akwai ardo da za ya zo da shanu, akwai zauren mai gari da za a tsare mai laifi a ciki har hukuma ta iso. Yanzu mai garin ne ake ɗaukewa. Kuma yaro guda da sanda ba ɗaya yake da babura ɗari kowane da mutum uku ba. Ku dubi Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025, mutanen gari sun yi musu kwanton ɓauna sun samu sa'a, su kuma suka dawo suka buɗe wuta a masallaci ana sallar asuba. To wanne za a kama? An yi sulhu a 2019 da hotuna da komai ya watse, an ɗauki makami ga abin da ya biyo.

Sarkin Zolaya:
Hotunan nan kam ban manta ba, manya na murmushi mutumin na rataye da bindigarsa ko kunya. Wai ya tuba. Tuban muzuru, kaza a baki

Lauyan Unguwa:
Ni abin da ya tsaya min a rai maganar mariƙin nan ce. Harsashi ba a gonar gero yake tsirowa ba, fetur ma ba a rijiya ake ɗebo shi ba. Wani ke kai musu, kuma a cikin gari yake kwana.

Ɗan Nufawa:
Ku Katsinawa dama da takobi kuka fara. Korau da takobin nan Gajere ya yanka Sanau ya hau sarauta, na Daura kuma baƙo ya zo ya sare kan maciji a Kusugu aka ba shi sarauniya. In an miƙo muku takobi ai gado aka miƙo muku 😂

Bakatsine Na Asali:
Ji bawa na magana cikin iyayen gidanshi. Ku da ruwa ya saba ci a Kwara ai ku ya kamata ku fassara mamu ita, ko kuwa ku kifi ake miƙa maku?

'Yar Daurama:
Macijin dai ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ba haka kawai aka sare shi ba. Na yanzu ko Juma'ar ba sa bari.

Ɗan Ƙofar Guga:
Na gode jama'a duk da dai kun ƙara rikita ni. Kawu ya koma da safen nan, na ba shi dubu goman ban tambaye shi wace jaka za ta shiga ba, shi ma bai ce ba. Ƙanen nawa kuma tun jiya layinsa ba ya shiga, ƙila sabis ne. Akwai wanda ya bi hanyar Batsari cikin satin nan? Da wane lokaci motoci ke daina wucewa?

Maman Ilham:
Kar ka wuce la'asar. Kuma ka shiga ta haya, kar ka je da taka.