Neman shawara: koci ya ce tsayina bai kai na ɗan tseren kwale-kwale ba

Ɗalibi a Ingila:
Assalamu alaikum 'yan uwa, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Karatun injiniya ya kawo ni Ingila. Kawuna ke biyan kuɗin, kuma har yau shi da Baba ba sa shiri a kan batun, don Baba ya so in zauna masa a shago. Farkon zuwana kaɗaici ya kusa mayar da ni gida, sai wani abokin ɗakina ya ja ni kulob ɗin tseren kwale-kwale na makaranta. A nan hankalina ya kwanta. Da duku-duku nake fita kogi, komai sanyi.

Tsayina santimita 176, nauyina kilo 79. Koci ya cire ni daga jirgin farko ya sa wani dogo, alhali na fi shi gudu a injin gwajin tuƙi na Concept2. Wai jan filafilina gajere ne. Na rage cin abinci don in sauko kilo 72.5 in shiga ajin marasa nauyi, yanzu jiri ke ɗibata. Wane irin jiki wasan nan ke so? In ci gaba ko in haƙura?

Baban Amira:
Ƙanina, kocinka bai zalunce ka ba. Tseren mita 2,000 ne, kujerar tana zamewa gaba da baya, kuma mafi yawan ƙarfin daga ƙafafu yake fitowa. Mai dogayen ƙafa da hannu filafilinsa ya fi daɗewa cikin ruwa a kowane ja. Shi ya sa manyan 'yan wasa maza suke kai santimita 190 zuwa sama, nauyinsu wajen kilo 90. Lokacin da Birtaniya ta fita neman matasa kafin Olamfik ta 2012, tsayi ta fara aunawa. Ta nan aka samo Helen Glover a 2008, ta ci zinare bayan shekara huɗu. Injin kuma a ƙasa yake, ba ya ɗauke da nauyinka. Jirgi kuwa yana ɗauke da shi. Minti nawa kake yi a 2,000 ɗin?

Ɗan Yawuri:
Ni ban yarda ba. Zo bikin Rigata na Yawuri ka ga matuƙanmu, akwai gajeru da dogo ba ya kamo su. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaran nan a ruwa suka tashi, amma babu mai zuwa ya ɗauke su ya horar. Biki na watsewa an manta da su sai baɗi.

Baban Amira:
Wancan tuƙi daban, wannan daban. A naku hannu da kafaɗa ke aiki.

Maman Sadiq:
Ɗana, jirin nan ne ya tsaya mini a rai. Ka koma cin abincinka, ka je likita ya duba ka. Ƙanina haka ya riƙa ƙin ci saboda dambe, ya kwanta asibiti, cikin masu zuga shi babu wanda ya leƙo, mu muka biya komai. Kawunka ya san halin da kake ciki?

Ɗalibi a Ingila:
Mama na gode, amma ba yunwa nake zama da ita ba, shinkafa da burodi kawai na rage. Yaya Baban Amira, ai Paul O'Donovan na Ayalan bai kai 180 ba, ya ci zinare a Olamfik ta Tokiyo da ta Faris.

Baban Amira:
A ajin marasa nauyi ya ci, kuma bayan Faris 2024 an cire ajin daga Olamfik. Kana wahalar da jikinka don ƙofar da aka riga aka rufe. Idan kana son wasan, ka ƙara ƙarfin cinya da numfashi, ka koma jirgin mutum ɗaya inda babu wanda za ka daidaita ja da shi.

Ba'are Yamai:
Kar ka bari. Hamadou Djibo Issaka namu wata uku kacal ya yi yana koyo, ya wakilci Nijar a Landan 2012. Shi ya zo ƙarshe, amma jama'a sun tashi tsaye suna yi masa tafi.

Ɗalibi a Ingila:
Ni ba Olamfik nake nema ba, kujerata nake so a mayar mini, tare da abokaina. Jirgin mutum ɗaya ai kaɗaicin da na gudo ne. Kuma har yanzu akwai gasar marasa nauyi tsakanin jami'o'i, kilo shida da rabi ya rage mini.

Baban Amira:
Har yanzu ba ka faɗi mintocinka ba.

Maman Sadiq:
Ni ma ba ka amsa mini batun kawunka ba.