Maigireshin a aikin radar ƙasa ba ƙaura ba ce, mu nemo mata suna

Jama'a masu aikin safiyo da ɗaliban jiyoloji na nan Kano, dan Allah mu tsayar da magana ɗaya kan yadda za mu kira kalmomin aikin radar ƙasa da Hausa, don in za ka yi wa mai gini ko leburan da zai haƙa rami bayani sai ka ji bakinka ya cika da Turanci shi kuma yana ta gyaɗa kai bai gane komai ba.

Na'urar GPR dai, wato radar da ke gano abin da ke binne cikin ƙasa, wasu sun ce a kira ta "duban ƙasa", ni ban yarda ba, a garin nan kana faɗin haka hankalin mutane zai tafi wajen masu bugun ƙasa. "Radar leƙen ƙasa" ta fi. Tana harba igiyar rediyo cikin ƙasa, in ta ci karo da bututu ko dutse ko tsohuwar rijiya da aka cike sai ta dawo, abin da ya dawo mu ce masa amsa-kuwwa kawai.

Gen kuwa, wato ƙara wa amsar ƙarfi, "ƙara murya" ya wadatar, tunda amsar da ta fito daga zurfi tana isowa a raunane, musamman inda akwai laka mai danshi irin ta tsofaffin kududdufai, laka tana shanye siginar sosai. Filta kuma tacewa ce, ba gardama.

Inda nake so mu tsaya shi ne maigireshin. Na ga an fassara ta da "ƙaura", har da mai cewa "hijira", wallahi hakan ɓatar da ɗalibi zai yi. Ku duba abin da ke faruwa: eriyar ba ƙasanta kaɗai take gani ba, siginar bazuwa take, tun kana turo na'urar daga nesa ta fara jin bututun, amma da yake tafiyar a karkace take ta fi tsawo sai injin ya zana shi can ƙasa, kana matsowa yana hawowa, ka wuce ya sake sauka. Shi ya sa bututu ɗaya ke fitowa a allo kamar an kife ƙwarya. Aikin maigireshin shi ne a tattaro duk wannan lanƙwasar a maida ta ɗigo ɗaya, daidai inda bututun yake kwance. Hanyoyin lissafi guda biyu, ta Stolt ta 1978 da ta Kirchhoff, duk abin da suke yi kenan, kuma daga masu binciken man fetur aka aro su.

Amma sai ka ba kwamfuta gudun siginar daidai. A iska mita 0.3 take yi a nanosakan guda (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan), a ƙasa ta yau da kullum wajen 0.1, a ruwa kuwa 0.033. In ka sa gudun ya yi ƙasa lanƙwasar ba za ta gama haɗuwa ba, in ya yi yawa ta juye sama, sai ka sa a haƙa zurfin da ba shi ba.

Don haka ni shawarata "maida-mazauni". Na so "maida gurbi" amma ta yi kusa da maye gurbi, za a ɗauka canji ake nufi. Wani malami ya kawo "tattarawa", tana da daɗin faɗa, sai dai akwai wani matakin daban da ake tara amsoshi da yawa a wuri guda don rage hayaniya, shi ya fi cancantar wannan sunan, a bar masa. Wanda yake da wadda ta fi maida-mazauni gajarta ya kawo mu gwada ta a bakin masu haƙa.